Kayan sarautar Cokwe: tambayoyi da amsoshi kan sanda, kujera, hula da dodanni

Duk wanda ya taɓa cin karo da hoton wani ɗan mutum-mutumin katako, baƙi mai sheƙi, da ƙatuwar hula mai kamar fukafukai a ka, tafukan hannu manya-manya, sanda a hannu ɗaya bindiga a ɗayan, to aikin Cokwe ya gani ko bai sani ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan kayan sarautarsu, wasu amsar layi biyu ce, wasu kuma sai an ɗan zauna.

Su waye ma Cokwe ɗin nan, kuma a ina suke?

Mutanen tsakiyar Afirka ne, yarensu na dangin Bantu. Mafi yawansu suna arewa maso gabashin Angola, jihohin Lunda Norte da Lunda Sul da Moxico, sannan akwai su a kudancin Kwango Kinshasa da arewa maso yammacin Zambiya. Sun haura miliyan ɗaya. Maƙwabtansu Lunda da Luvale da Songo da Ovimbundu, kuma sassaƙarsu na kama da juna sosai har wani lokacin masana kansu sai sun yi gardama kafin su ce wannan na wane ne.

In za ka nema a intanet rubuta Chokwe, ko Tshokwe yadda masu Faransanci ke rubutawa, tsofaffin takardun Fotugal kuma Quioco suke cewa. Mu dai harafin c ɗinmu ya wadatar, Cokwe kawai, haka za ka ga na rubuta Cibinda da Cihongo da sauransu.

Me da me ake kira kayan sarauta a wurinsu?

Sarki a wurinsu sunansa mwanangana, ma'ana mai ƙasa. Ba su da sarki guda ɗaya tilo da ya haɗe kowa a ƙarƙashinsa, sarakuna ne da yawa kowa da yankinsa, kuma ina ganin wannan ne ma ya sa sassaƙar ta yi armashi, don kowane sarki yana so a ga nasa ya fi na maƙwabcinsa.

Kayan sun haɗa da munduwar lukano wadda ita ce uwar sarautar gaba ɗaya, da hular sarauta, da wani farin faifan ƙwanson teku da ake ratayawa a ƙirji mai suna cimba, sandar girma, kujera, gatarin ado, takobi, battar garin taba, lofe, gangar mukupela mai baki biyu, sai mutum-mutumin kakanni da fuskokin dodanni. Wani abun sawa ake yi, wani riƙewa, wani kuma a ɓoye yake sai ranar da ta kama.

Waye Cibinda Ilunga da sunansa ke ta fitowa?

To nan ne gindin maganar. Ruwayar baka ta ce wajen shekara ta 1600 akwai wani sarkin Lunda da 'ya'yansa maza suka ci masa mutunci, sun tarar da shi yana saƙar tabarma yana jiƙa ta da ruwan da ya yi fari kamar bammi, sai suka ce ai giya yake ɓarnatarwa ya hana su, suka lakaɗa masa duka. Ɗiyarsa Lueji ce ta yi jinyarsa, shi kuma da zai mutu ya tsallake mazan ya ba ta lukano. Ta zama sarauniya.

Ana nan sai ga wani baƙon maharbi ɗan sarautar Luba daga gabas, shi ne Cibinda Ilunga, kalmar cibinda ɗin ma maharbi take nufi. Ya zo da baka da kibau masu bakin ƙarfe da asirin farauta da kuma ladabin fada irin na Luba wanda Lunda ba su saba gani ba. Lueji ta aure shi, daga baya ta miƙa masa munduwar. 'Yan'uwanta maza su Cinguli da Cinyama suka ce mu kam ba za mu durƙusa wa baƙo ba, suka kwashi mutanensu suka yi yamma da kudu, kuma daga wannan fitar ne sarakunan Cokwe ke lissafa asalinsu. Lueji ba ta haihu ba, wata matar ce ta haifa masa ɗan da gidan sarautar Mwata Yamvo, wato manyan sarakunan Lunda, ya fito daga tsatsonsa.

Abun da ke ba ni mamaki kullum shi ne, mutanen da suka bar gida don fushi da wannan baƙon, jikokinsu ne suka fi kowa gwanintar sassaƙa shi. Lunda ɗin da ya mulka ba su bar mana hotonsa kamar yadda Cokwe suka bari ba. Dalili kuwa a fili yake, Cokwe maharba ne, shi kuma uban maharba ne da ya zama sarki, duk sarkin da ya ajiye shi a fada cewa yake yi ni ma daga can na fito.

In da baka da kibiya ya zo, me ya kawo bindiga hannunsa?

Madalla da wannan tambayar. Mutum-mutumin da muke gani yau ba na 1600 ba ne, yawancinsu na ƙarni na 19 ne, lokacin da Cokwe suka yi kuɗi. Fotugal ta saki kasuwar hauren giwa a shekarun 1830 farashi ya tashi, ga kakin zuma da dajinsu ke cike da shi, daga baya roba ta shigo, kuma a faɗi gaskiya har da cinikin bayi. Duk abun da suka sayar wa fatake masu zuwa daga bakin teku, bindiga da albarushi da yadi da tagulla suke karɓa. David Livingstone ya ratsa ƙasarsu a 1854 kuma ya yi ta ƙorafi a kan kuɗin hanya da suke nema, wai ko ya ba da mutum, ko sa, ko bindiga, ko haure. Wannan kaɗai ya ishe ka gane irin mutanen da ake magana, ba masu jiran a ba su izini ba ne.

Da giwaye suka ƙare a kusa sai suka riƙa bin su arewa, suna kafa ƙauyuka suna auren matan wurin, har a tsakiyar shekarun 1880 suka afka wa Musumba babban birnin Lunda, wato iyayen gidansu na da da suke kai wa gaisuwa, suka riƙe shi sai dab da 1900 Lunda suka ƙwato abunsu.

To masassaƙin da ke aiki a wannan zamanin in aka ce masa sassaƙa babban maharbi, ai bindiga harba-ka-ruga zai ba shi, don ita ce ƙarfin da ya sani. Ba kuskure ba ne. Sarkin da ya ba da aikin fuskar kakansa yake so da makamin da ke hannunsa shi yau. A wasu kuma maimakon bindiga ƙahon magani ne a hannun, sandar da ke ɗaya hannun ita ma ta rataya layun farauta ce.

Hannuwa da ƙafafu fa, me ya sa suka yi girma haka? Masassaƙin bai iya awo ba ne?

Ya iya mana. Duba yatsun da kyau, har farce da gaɓoɓi sai da ya fitar ɗaya bayan ɗaya, mai wannan haƙurin ba zai kasa auna tafi ba. Da gangan ne, hannu na mai riƙo da aiki, ƙafa ta mai doguwar tafiya a daji yana bin sawu. Gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, kafaɗu a baya, ƙirji a gaba, hanci a buɗe kamar yana shinshinar iska, ga gemu wanda wani lokacin gashin mutum na gaske ne aka dasa aka kitsa. Kuma abun ba wani babba ba ne fa, wanda ke gidan tarihi na Kimbell a Fort Worth ta Amurka kusan santimita 40 ne tsayinsa, amma a hoto sai ka rantse ya kai mutum.

Hular mai fukafukai ɗin nan, da gaske ana sawa ko ado ne na masassaƙi?

Ana sawa. Sunanta mutwe wa kayanda, ana yin ta da ƙwarangwal na tsumagu a lulluɓe da yadi a yi mata ado, tana tashi sama ta nannaɗe baya da gefe biyu. Ita ce tambarin da ke raba sarki da talaka a sassaƙa. In ka ga kan mutum a saman sanda ko a murfin batta ko a jikin tsefe ma da wannan hular, to sarauta ake nufi, ba sai an gaya maka ba.

Kujerar sarkin ai ta Turawa ce, ya aka yi ta zama kayan gargajiya?

E, asalin siffar ta Fotugal ce, irin kujerun nan masu majingina da mazaunin fata da 'yan kasuwa suka shigo da su tun ƙarni na 17. Kujerar Cokwe ta asali 'yar gajeruwa ce da ake fafewa daga kututture guda, sau da yawa da mace a tsugune tana ɗauke da mazaunin a ka. Ita kuwa wannan, da suke kira citwamo ko ngundja, guntu-guntu ake sassaƙawa a harhaɗa, a ja fatar dabba a kai, a bi ta da ƙusoshin tagulla masu kan kumbo har ta riƙa walƙiya. Su ma ƙusoshin sayo su ake daga fatake kuma da tsada, don haka yawansu a jikin kujera kamar sanarwa ce ta abun da mai ita ya tara.

Amma inda Cokwe suka mai da ita tasu shi ne sandunan da ke haɗa ƙafafu da na majingina. Baturen kafinta a miƙe yake barinsu, su kuwa sai suka cika kowanne da 'yan mutane ƙanana. A wannan sandar mata biyu na daka, a waccan makaɗa sun ɗauko ganga, can yara ne a sansanin kaciya na mukanda, ga ɗan kasuwa a kan takarkari, ga mai duba da kwandonsa, ga mace na naƙuda, har da abun da ke tsakanin miji da mata ba su ɓoye ba. A can ƙoli kuma kan sarki ko fuskar Cihongo, dodon arziki da iko. Wato in sarki ya zauna, duk rayuwar garin tun daga haihuwa har kasuwa tana ƙarƙashinsa, kakanni kuma na bayansa. Ni a wurina wannan kujerar ta fi duk sauran kayan magana, ko ba ka san kalma ɗaya ta yarensu ba za ka karanta ta.

Kuma da yawa ƙanana ne, don ana ɗaukar wa sarki ita duk inda za shi, musamman cota, rumfar da maza ke taruwa a tsakiyar gari ana shari'a ana karɓar baƙi.

Sandar girma da battar taba fa?

Sandar gajeruwa ce irin ta riƙewa, a samanta kan sarki ko mace ko tsuntsu, wasu ma ƙasansu ƙarfe ne mai tsini a kafa a ƙasa. Tsuntsun da aka fi sawa shi ne ngungu, wato burtu, wanda suke dangantawa da sa'ar farauta da iko. Wasu sandunan saman nasu batta ce mai murfi, don taba a fadar Cokwe ba ta shaye-shayen banza ba ce, da ita ake karɓar baƙo, da ita ake tuna magabata. Akwai ma mutum-mutumin sarki zaune a kujera yana kaɗa wani ɗan akwati mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da manyan yatsu, ka buɗe kansa ka tarar da garin taba a ciki.

A cikin dodannin wanne ne na sarki?

Dodo a yarensu mukishi ne, a Zambiya an fi jin makishi, kuma a fahimtarsu magabaci ne ya dawo ziyara, shi ya sa mai sawa ke rufe jiki ruf da saƙaƙƙiyar riga kar a gane shi.

Na sarki zalla shi ne Cikungu. Ba katako ba ne, bawon itace ne da aka daka ya zama kamar yadi, a ɗora kan ƙwarangwal a shafe da baƙin danko a yi zane da ja da fari. Sarki kaɗai ke sa shi, kuma ba don wasa ba, sai za a yi yanka wa kakanni ko wata masifa ta sauka a gari. In ya fito da takobi a hannu mata da yaran da ba su shiga mukanda ba gudu suke.

Sai Cihongo, dodon arziki da iko, ana gane shi da gemu mai faɗi kamar faifai da ya fito gaba da kuma faffaɗan baki. A da sarki ko ɗansa ke sa shi, ya zaga ƙauyuka yana rawa ana ba shi kyauta, wanda in ka cire kara haraji ne ake karɓa da kiɗa.

Akwai Cikunza mai doguwar hula mai tsini, sunan wata fara ce, shi ne uban sansanin kaciya. Wannan ba na fada ba ne amma za ka gan shi a jikin kujeru.

Mata ba su da wuri a cikin wannan duka?

Suna da shi babba ma. Cokwe ta wajen uwa suke lissafa dangi, sarauta kan bi ta ɗan 'yar'uwar sarki, ka ga kuwa uwar sarki da 'yar'uwarsa ba abun wasa ba ne, kuma akwai mutum-mutuminsu su ma. Sannan fuskar da ta fi kowace shahara a duniya daga Cokwe ta mace ce, Pwo, ko Mwana Pwo in budurwa ake nufi. Idanu a lumshe, haƙora a fiƙe, kitso na zare da aka shafe da jar ƙasa, a goshi wani zane mai kamar gicciye da suke kira cingelyengelye, a ƙarƙashin idanu kuma tsagar masoji, ma'ana hawaye.

Namiji ne ke rawa da ita, da nonon katako da tafiyar yanga, matan gari na gefe suna kallo kuma in bai iya ba ba sa raga masa. Wani abun daɗi, mai rawar kan ba masassaƙi zoben tagulla kamar sadaki kafin ya karɓi fuskar, kamar dai ya auro ta, kuma akan binne ta da mutunci in zamaninta ya wuce. Cihongo da Pwo kan fito tare, shi arziki ita haihuwa.

Kenan gumaka ne, bauta musu suke?

A addininsu na gargajiya akwai Mahalicci da suke kira Kalunga ko Nzambi, kuma ba a sassaƙa shi. Abun da suke hulɗa da shi kullum ruhohin kakanni ne, mahamba, waɗanda ake yi wa yanka da roƙo, wasu sassaƙe-sassaƙen kuwa mazauninsu ne, wannan babu musu. Amma kujera da sanda da batta kayan mulki ne, aikinsu nuna waye mai gari. Sai dai a wurinsu ba a raba biyun tsaf, tunda sarki shi ne tsani tsakanin rayayyu da matattu, in ruwa bai sauka ba ko farauta ta ƙi shi ake kallo. Yau Cokwe da yawa Kiristoci ne.

Wa ke sassaƙawa, kuma da wane irin kayan aiki?

Ƙwararren masassaƙi sunansa songi, maƙeri kuma fuli, manyan sarakuna kan ajiye nasu a fada. Gizago ne da wuƙa, sai a goge da ganye mai kaushi, a shafa man zurma da jar ƙasa. Wannan sheƙin da kake gani ba fenti ba ne, mai ne da hannun mutane na shekara da shekaru. Farar ƙasa, pemba, alamar lafiya da alheri ce. Sunayen tsofaffin masassaƙan ba su zo tare da kayan ba, masu kwasa sunan sarki ko na gari kawai suke rubutawa in ma sun rubuta.

Ya aka yi mafi kyawunsu suke Turai da Amurka?

Hanyoyi da yawa. Matafiyan Jamus da Fotugal sun kwashi wasu tun shekarun 1870 da 1880, shi ya sa Balin da Lisbon ke da tsofaffi, gidan tarihin Tervuren kusa da Brussels kuma ya tara na ɓangaren Kwango. Da mulkin mallaka ya kafu a farkon ƙarni na 20 sarakuna suka rasa ciniki da haraji, mai biyan songi ya yi aikin wata da watanni ya ragu, babbar sassaƙar fada ta ja baya.

Sai lu'ulu'u. An gano shi a yankin Lunda a 1912, aka kafa kamfanin Diamang a 1917, kamfanin ya buɗe gidan tarihi a garin Dundo a 1936 ya tara dubban kayan Cokwe, har ya ɗauki masassaƙa aiki suna yi masa irin na da. A nan wata masaniya 'yar Beljiyam, Marie-Louise Bastin, ta zauna a 1956 tana tambayar dattawa sunan kowane zane da ma'anarsa, yawancin kalmomin da ake amfani da su yau ta hannunta suka fito, ita ce kuma ta raba salon zuwa na ƙasar asali, wanda ya fi tsufa da cikar jiki, da na zamanin bazuwa. Abun da ɗaci dai, kamfanin da ke sa mutane aikin tilas a ramin lu'ulu'u shi ne ke adana al'adarsu a cikin gilashi.

Angola ta samu 'yanci a 1975 ta faɗa yaƙin basasa har 2002, a cikin rikicin kaya suka yi ta ɓacewa daga Dundo suna ɓullowa a kasuwannin Turai. Gidan ya sake buɗewa a 2012. Attajirin nan ɗan Kwango, marigayi Sindika Dokolo, ya bi sawun wasu, a 2016 aka dawo da fuskokin Pwo guda biyu da mutum-mutumi ɗaya.

Na ga ana sayar da fuskar Cokwe a intanet da araha, ta gaske ce?

Ta gaske ce in kana nufin katako ne kuma mutum ya sassaƙa. Amma tsohuwa wadda aka yi rawa da ita, a'a da wuya ƙwarai. Pwo na cikin fuskokin da aka fi kwaikwaya a Afirka, ana kanga su a hayaƙi, a shafa ƙasa, a bar gara ta ɗan taɓa don su yi kamar sun tsufa. Tsofaffin na gaske a manyan gidajen gwanjo ake ganinsu da takardun da ke nuna hannun da suka bi, kuma kuɗinsu ba na ni da kai ba ne. In ado kake so saya sabuwa a matsayin sabuwa, masassaƙin ma ya ci abinci.

Yanzu fa, abun ya mutu ko da saura?

Da saura. Har yau akwai sarakunan Cokwe, irin su Mwacisenge a yankin Saurimo, suna fita da hula da sanda ranar biki. Ana mukanda, dodanni na fita, UNESCO ma ta sa rawar makishi ta Zambiya cikin jerin al'adun gado na ɗan'adam a 2005, sannan a 2023 ta ƙara da sona, zanen da dattawan Cokwe ke yi da yatsa a kan rairayi, layi ɗaya yana zagaye ɗigo-ɗigo ba a ɗaga hannu ba ana ba da labari.

In kuma takardar kwanza ta Angola ta taɓa shigowa hannunka, nemi wani ɗan mutum a tsugune, gwiwar hannu a kan gwiwa, ya dafe kai da hannu biyu. Pensador suke ce masa da Fotugisanci, wato mai tunani, ya zama tambarin ƙasar baki ɗaya. Asalinsa kuwa ba daga fada ba ne, ɗaya ne daga cikin 'yan ƙananan sassaƙen da mai duba ke zubawa a kwandonsa na ngombo ya girgiza.